Ƙuri'ar da Muka Kaɗa a Kan Inna

Mu biyar ne a guruf ɗin gida, Inna ba ta ciki. Wayarta ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure murfin bayanta da roba, kira kawai take yi da ita. Don haka ranar da aka kaɗa ƙuri'a a kan ko Inna za ta ci gaba da zuwa aiki ko za ta zauna a gida, kowa ya faɗi ra'ayinsa ban da mai aikin. Huɗu suka ce ta zauna. Na biyar ɗin datarsa ta ƙare. Ni ina cikin huɗun, kar wani ya ce na zo wanke kaina ne.

Inna ita ta haife mu duka biyar. Ni ce auta, kuma ni kaɗai na rage a gabanta, don Baba ya rasu tun ina rarrafe. Shekararta talatin da ɗaya tana aiki a wata maɗaba'a da ke bayan tashar mota, inda ake buga littattafan makaranta da kalanda da katin gayyata. Da shara ta fara, tana kwashe yankakkun takardu daga ƙarƙashin inji. Ba ta yi shekara biyu ba aka mayar da ita ɗakin baya, wurin jeri. In ba ku san jeri ba, ga shi. Inji yana buga littafi ne kashi-kashi, a ninke kowane kashi a tara shi tuli guda. Sai a jera tulin nan a kan dogon tebur, na ɗaya, na biyu, har na ƙarshe. Mai jeri ta bi teburin tana zarar ɗaya daga kowane tuli, in ta kai ƙarshe littafi ya haɗu a hannunta, ta ajiye wa masu ɗinki, ta koma farko. Haka daga safe har yamma, a ɗaki mai fanka ɗaya da warin gam da tawada. In ta zari biyu a wuri ɗaya, ko ta tsallake, wani ɗalibi a wata makaranta zai buɗe littafinsa ya tarar shafi na arba'in na bin na goma sha shida.

Inna ba ta iya karatu ba, ko harafi ɗaya. Ita fuska take gani. Ta ce kowane shafi da fuskarsa, kamar mutane a layi. Wannan mai tumbi ne, rubutu ya cika shi har wuya. Wancan mai hula, wato mai babban rubutu a sama. Ga maraya, mai layi biyu kacal sai fili. Akwai shekarar da mai inji ya buga lamba ɗaya a kan kashi biyu daban, masu ilimin wurin duk suka duba suka ce lafiya lau. Inna ta tsaya cak ta ce mai tumbin nan ba shi ke bin mai hoton kwaɗo ba, jiya akwai maraya a tsakaninsu. Aka duba, haka ne. Littafi dubu uku ta ceto ranar. Tun daga nan suke ce mata Uwar Jeri, har Manaja.

To me ya kai mu?

Gwiwa ce, a bakinmu dai. Gwiwarta ta dama ta fara kumburi, da yamma sai ta dawo tana jan ƙafar. Wata rana ta zame a matakalar maɗaba'ar da ɗaurin takardu a hannu, ta ƙuje gwiwar hannu. Yayata mai aikin asibiti, wadda muke ce wa Yaya Nas, ta duba ta ce gwiwar nan ta cinye, tsayuwar awa takwas ba nata ba ne kuma. Wannan gaskiya ne, ban ce ba gaskiya ba ne.

Amma akwai dalili na biyu, wanda ba a rubuta a guruf ba. Wani abokin aikin Babban Yaya ya je a buga masa kati, ya hango Inna ta fito da ɗauri a kafaɗa. Ya koma ofis ya ce masa, a gaban mutane, "Na ga tsohuwa fa, tana nan da ƙarfinta, har yanzu dako take sha." Babban Yaya mai mota biyu. Da yamman nan aka buɗe ƙuri'a.

Da aka gama, sai aka ce wa zai gaya mata. Ba wanda ya ce shi ne. Kowa ya san Inna. Babban Yaya ya turo saƙon murya na minti shida, ƙarshensa dai kar a gaya mata. A rubuta takardar barin aiki da sunanta, a ce mata takardar asibiti ce ta duba gwiwa, ta dangwala, shi zai kai wa Manaja. In ta huta sati biyu da kanta za ta gode mana. Wa zai rubuta? Auta, tunda ita ce kullum yatsa a kan waya. Na rubuta. Har na gyara ta sau biyu don ta yi daɗin karantawa.

Ranar Lahadi da rana tana zaune a falo ta miƙe ƙafa a kan ƙaramar kujera, tana shafa wa gwiwar man zafi. Na zo da takardar da 'yar tawadar dangwale.

"Inna, kawo babban yatsanki. Yaya Nas ce ta aiko, ta asibiti ce, don a duba gwiwar."

Ta goge hannunta a zane, ta karɓa. Ta murza gefen takardar tsakanin yatsu biyu.

"Wa ya buga wannan? Takarda kamar hankici. Kuma ya cinye gefen hagu."

"Shagon bakin titi ne. Nan za ki sa, a ƙasa."

"Karanta min tukuna."

Ban shirya wa wannan ba. Na karɓa na fara zuba: ni mai dangwale a ƙasa na amince likita ya duba gwiwata ta dama da ta hagu, a ɗauki hoton ƙashi, a ba ni magani na sha da na shafawa, kuma na yi alkawarin zuwa duk ranar da aka sa min, ba fashi, tare da rakiyar ɗaya daga cikin 'ya'yana. Ina yi ina ƙarawa, har ni kaina na fara yarda.

Ta bari na gama. Ta miƙo hannu na ba ta.

"Layi huɗu da rabi ne a nan," ta ce. "Ke kin karanta layi goma."

"Ai Turanci ne, Inna, in an fassara yana..."

"Rufe min baki. Takardar asibiti akwatuna gare ta, ƙanana-ƙanana, da tambari a sama. Na jera ta fi dubu ɗari. Wannan kuwa ga gungu a dama, ga gungu a hagu, ga kai ɗaya an ja masa layi, sai 'yar magana, sai wurin sa hannu. Mai irin fuskar nan biyu ce a duniya. Ko mutum na neman aiki, ko yana barinsa. Ta mai nema ta fi tsawo, don mai nema baki gare shi. Wannan gajeriya ce."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta buɗe. Mu biyar, da digiri uku a tsakaninmu, ba wanda ya tuna cewa matar da za mu yaudara da takarda ta shekara talatin da ɗaya tana kallon takarda.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ninke ta biyu, ta bi ninkin da farce, ta sake ninkewa, kusurwa ta hau kusurwa daidai, ta sa min a tafin hannu.

"Ke kika rubuta?"

"Yaya ne ya ce..."

"Ban tambaye ki wanda ya ce ba."

Na ce ni ce. Ta ce to, ta ci gaba da shafa manta.

Da mun tsaya nan da an wuce wurin. Amma Babban Yaya in ya ɗauki hanya ba ya waiwaye. Ya kira mai babur ɗin da ke kai ta aiki ya ce kar ya sake zuwa. Ranar Litinin Inna ta tsaya a ƙofar gida rabin awa, ta gane, ta taka zuwa titi ta hau bas biyu, ta ƙarasa da ƙafa. Haka ta yi sati guda, gwiwar ta zama kamar tulu. Yaya Nas ta rubuta a guruf, "Kun gani ko?" Kamar ba mu ne muka ɗauke babur ɗin ba.

Sai Babban Yaya ya je wurin Manaja da kansa, da takardar likita a hannu. Ya ce masa in tsohuwar nan ta sake faɗuwa a wurinsa, kotu za ta raba su. Manaja mutum ne da in ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya zabura.

Ranar Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na ji ana taɓa ƙofa. Inna ce. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna a gida ƙarfe goma sha ɗaya na ranar aiki ba. Jakarta a hannu, kofinta na roba a ciki, da guntun ƙashin nan mai santsi da take danne ninki da shi. Ta tsaya a tsakiyar falo tana kallon bango kamar gidan wasu ta shigo.

"Manaja ya ce in huta," ta ce. "Ya ce 'ya'yana masu albarka ne."

Na tura a guruf. Aka zubo sitika, hannun addu'a, fure, har da mai rawa.

Kwana uku ba ta zauna ba. Daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa kicin, ta leƙa waje ta dawo. Ta jera tsofaffin jaridun da ke ƙarƙashin gado. Ta jera takarduna na makaranta, kuma wallahi daidai ta jera su. Ta jera cokula, ta jera takalma. Ƙarfe shida da rabi na safe sai in ji ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki jaka, ta kai bakin ƙofa, sannan ta tuna.

Rana ta huɗu da safe ta leƙo ɗakina, bokiti a hannu.

"Auta, tambayo min guruf. In yi wanka yanzu, ko in bari sai an jima?"

Na fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ajiye bokitin ta zauna kusa da shi.

"Inna, don Allah."

"A'a, a bi tsari. Kar in je in yi wanka ba a kaɗa ƙuri'a ba."

Daga ranar aka buɗe sabon shafi. Komai sai ta tambaya. Shayi da madara ko babu? Maƙwabciya ta haihu, a je barka ko a bari? Ta haddace maɓallin da ke kiran Babban Yaya, ta kuma sa masa sabon suna. Yana tsakiyar taro a ofis waya za ta yi ƙara.

"Shugaba, ranka ya daɗe. Zane biyu ne a gabana, shuɗi da kore. Wanne za a ɗaura?"

"Inna, ina cikin mitin."

"To zan jira a haka, ba gaggawa. Da tawul nake."

"Ki sa shuɗin, don Allah ki sa shuɗin!"

"An gode, Allah ya ƙara girma."

Rana ɗaya ta kira shi sau goma sha bakwai. Ya kashe waya, ta kira matarsa ta ce a isar wa Shugaba akwai ƙuda a ɗakinta, a kore shi ko a bar shi. A guruf muna ta dariya, ana cewa tsohuwa ta iya rigima, za ta gaji ta daina. Yaya Nas ma murna take, don kumburin ya sauka, kuma duk maganin da aka ce ta sha tana sha, ba musu.

Ba musu. Abin da ya kamata ya tsorata mu ke nan tun farko. Inna da ke musu da mai hasashen yanayi a rediyo.

Sati na uku ta daina kiran Yaya. Ta daina cewa Shugaba. Tambayar dai ba ta daina ba, amma zolayar ta fita daga cikinta. In na ajiye abinci sai na ce ci take ci. In ban ce ba yana nan har ya huce. Zanenta ya fara zagaye ta fiye da da.

Wata Alhamis zan fita karɓo saƙo, ina sauri, ina neman ɗan kunnena ɗaya, ta ce daga ɗakinta, "Auta, a buɗe tagar nan?" Na ce, "Bari in dawo, Inna," ban ma san na faɗa ba. Layi ya riƙe ni, na haɗu da wata ƙawata, awa huɗu na yi. Na dawo babu wuta, gidan kamar tanda. Na tura ƙofarta. Tana zaune a bakin gado inda na bar ta, gumi ya jiƙa mata riga har cinya, tagar a rufe, taku biyu tsakaninta da ita.

"Inna! Me ya hana ki buɗewa?"

Ta ɗago ta kalle ni. Na nemi tsokanar nan a idonta, wadda na sani, ban same ta ba.

"Kin ce in bari ki dawo," ta ce.

Na buɗe tagar da ƙarfi har marfin ya bugi bango. Abin da ta fara don ta ƙona mana rai ya fara kama ta da gaske, kuma mu muka kunna.

Kashegari Mai Wuƙa ya zo gaishe ta. Shi ne ke kan injin yanka a maɗaba'ar, tsoho ne dogo, rabin ɗan yatsansa na hagu injin ya ɗauke tun kafin a haife ni. Tare suka tsufa a wurin. Ya zauna yana ba ta labarin ɗakin baya, wa ya yi faɗa da wa, an dawo da littafi ɗari biyu saboda shafi ya juye. Nan na ga idonta ya ɗan motsa. Da na raka shi ƙofa ya tsaya yana gyara hula.

"'Yata, ku kam kun iya ɓarna."

"Baba, gwiwarta ce..."

"Na fi ki sanin gwiwarta, ni nake jin ƙararta kullum. Ba ta gaya muku ba? In an gama littattafan sabuwar shekarar makaranta za ta ajiye. Ta gaya min tun bara. Wata huɗu ya rage. Har ta fara duba wadda za ta koya wa, har ta ce ranar za ta sa a yi mata hoto a gaban teburin." Ya kaɗa kai. "Mutum na tafiya da ƙafarsa zuwa ƙofa, kuka zo kuka tunkuɗa shi ta baya."

Ban ko koma ciki ba, a tsaye a bakin ƙofa na rubuta wa guruf duka. Da tagar, da wata huɗun. Aka hau ni.

Yaya Nas ta ce gwiwa ba ruwanta da abin da mutum ke so, in ta lalace gaba ɗaya ni zan ɗauke ta? Babban Yaya ya ce to ai magana ɗaya ce, da ma za ta bari, wata huɗu kawai muka rage mata. Na ce Yaya, in kana shirin tashi daga kujera wani ya zo ya janye ta, magana ɗaya ce? Ya ce in iya bakina, shi ya biya min makaranta. Na ce na gode, ka zo ka ga abin da ya rage na uwarka. Ya cire ni daga guruf. Bayan minti goma na biyar ɗinmu, mai ƙarewar data, ya mayar da ni, don an manta shi ma adimin ne.

Ranar Asabar da hantsi Babban Yaya ya zo. Ya shiga ɗakinta da takalmi a hannu, ya ganta, ya ja ya tsaya. Wata guda bai zo ba, a waya yake mulki.

"Inna, shi ke nan," ya ce. "Na ba ki izini, ki koma aikinki."

Na runtse ido. Inna ta juyo a hankali.

"Ka ba ni?"

"Eh, na yarda. Ran Litinin ma."

"Auta, a sanar a guruf, Shugaba ya ba da izini. Allah ya ja zamaninsa." Ta juya masa baya ta fuskanci bango.

Na ji daɗin jin Shugaban nan, wallahi, ko ba komai tsokanar ta dawo. Yaya ya kalle ni, na kalli silin. Ya daɗe a tsaye. Mutumin da ke da amsar komai tun muna yara. Sannan ya ajiye takalman, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya zauna a ƙasa a gefen gadon, kamar lokacin da yake ɗan firamare.

"Inna," ya ce, muryar ta sauka. "Me kike so?"

Fanka ba ta juyawa, ana jin rediyon maƙwabta.

"Wata ɗaya da kwana tara," ta ce, ba ta juyo ba. "Sai yau wani ya tambaya."

Sannan ta juyo ta kalle shi.

"Abin da ka je ka ƙulla da bakinka, ka je ka kwance shi da bakinka. Ina tsaye. Sauran kuma ba naka ba ne."

Ranar Litinin muka je mu uku. Ta ƙi shiga gaban mota, ta ƙi a riƙe ta a matakala. Masu ɗinki suka hango ta suka sa ihu, "Uwar Jeri! Uwar Jeri ta dawo!" Manaja ya fito yana goge gumi, ya ga Yaya, ya ja da baya taku ɗaya. Yaya ya faɗi abin da ya zo faɗa, a gaban kowa, da inji a kashe. Ya ce maganar kotu ya janye ta, kuma tun farko ba hurumin sa ba ne. Bai iya ba da haƙuri ba, sai da ya yi tari sau biyu, amma ya bayar.

Sai muka shiga ɗakin baya, muka tarar da wata mace tana aiki a gaban teburin.

Sa'ar Yaya Nas ce, ko ta ɗan girme ta. Sati uku ke nan da ɗaukarta. Tana bin tebur a hankali, duk tuli sai ta sunkuya ta duba lamba kafin ta zara. Da ta ga Inna ta tsaya da rabin littafi a hannu, fuskarta ta faɗi. Ta san wace ce.

Yaya ya juya wurin Manaja, muryar ofis ta dawo masa. "To sai a sallami wannan, mai wuri ta..."

"Kai!" Inna ta daka masa tsawa, har masu ɗinki suka leƙo. "Ashe ba ka warke ba? Daga kaina ka sauka, za ka hau kan 'yar mutane?"

Ta ja ƙafa ta ƙarasa wurin matar.

"Kina son aikin nan, ko kawo ki aka yi?"

"Ina so, Inna. Da ƙafata na zo. Yara huɗu gare ni."

"To daina leƙen lamba kamar mai neman ɓataccen kwabo, bayanki zai mutu kafin shekara. Kalli nan. Wannan mai hula ne. Wa ke bin mai hula?"

Matar ta kalle ta, ta kalli tulin. "Mai... mai hoton nan?"

"Mai hoton me? Bakinki ciwo yake?"

"Mai hoton jirgi."

"To. Zara."

Mun fi minti ashirin a tsaye ba wanda ya kula mu. Daga baya Manaja ya matso yana murza hannu, ya ce to yanzu yaya za a yi, tebur ɗaya ne.

"Teburin nata ne," Inna ta ce. "Ni zan riƙa zuwa ranar da na zo."

"Waɗanne ranaku ke nan, Uwar Jeri? Don in sani."

"Ni ma da safe zan sani."

Manaja ya kalli Yaya don ya ji ta bakinsa. Yaya ya kalli takalminsa. Manaja ya ce to, Allah ya kai mu.

Yau wata bakwai ke nan. Littattafan sabuwar shekara an gama su tuni, an kai makarantu, Inna ba ta ajiye ba. Wani satin ta je sau huɗu, wani satin sau ɗaya. Mai Wuƙa ya ce da mun bar ta da yanzu tana gida da hotonta a bango. Gwiwar kuwa ta ƙara lalacewa, ba zan ɓoye ba. Yaya Nas har yanzu ba ta huce da ni ba, duk hoton ƙashin da aka ɗauka sai ta turo min ni kaɗai, ba ko sannu. Ina buɗewa in kalla, in rufe. Mai yiwuwa ranar da take tsoro tana zuwa. Ni ma ina tsoronta. Duk safiyar da na ji Inna na ɗaure gwiwa da bandeji, maganar tana zuwa min har bakin haƙori, in haɗiye.

Yau da safe ta fi kullum daɗewa tana ɗaurin. An yi ruwa, titi duk santsi. Ta fito da jaka, na karɓa na ce zan raka ta bakin titi. Tafiyar minti biyar muka yi a sha biyar.

"Inna, ƙafar nan fa."

"Ina jin ta. A jikina take."

Bas ta zo ta tsaya, kwandasta na buga mata gefe yana kiran tasha. Inna ta kama ƙarfen ƙofa, ta ɗora ƙafar hagu a kan matakin, ta tsaya a haka. Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Hannuna ya tashi da kansa, ban san ko tura ta zai yi ko janyo ta ba, na mayar da shi na riƙe jakar da hannu biyu.

"Mama, shiga ko fita?" in ji kwandasta. "Mutane na sauri!"

"Su yi ta yi," ta ce. Ta ƙara 'yan daƙiƙu tana kallon cikin motar. Sannan ta sauke ƙafar. "Ku je. Yau ba ni zuwa."

Bas ta ja ta watsa mana ruwa a zane. Muka juyo gida a hankali, ta dafa kafaɗata, da kanta, ban miƙa ba. A falo ta zauna ta miƙe ƙafar, ta fara kwance bandejin. Ina tsaye a kanta da jaka har yanzu a hannuna.

"Gobe fa, Inna?"

"Bari goben ta zo tukuna." Ta ɗago ta harare ni. "Ke kuma matsa daga kaina, kin tare min haske."